Bashin NELFUND: Kada Ka Bar Makullin Asusunka A Hannun Mai Kafe



Tambaya ɗaya zan fara yi maka, kuma ka amsa wa kanka tsakani da Allah: imel ɗin da aka buɗe maka asusun NELFUND da shi, kai ke riƙe da kalmar sirrinsa? In aka ce yanzun nan ka shiga asusun daga wayar da ke hannunka, za ka iya, ko sai ka kira "yaron kafe" ya turo maka? Idan amsar ita ce sai ka kira wani, to akwai bashi da sunanka wanda makullinsa ke aljihun wani. Ni a ganina wannan ya fi duk wata matsalar netwok ko jinkirin alat da ake ta kuka a kai hatsari, don su waɗancan suna wucewa, wannan kuwa zai bi ka shekaru.

A taƙaice ga wanda bai san tsarin ba. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar bashin ɗalibai ta farko a watan Yunin 2023. Waccan dokar ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: sai kuɗin shigar gidanku bai kai Naira 500,000 a shekara ba, sannan ka kawo mutum biyu da za su tsaya maka. Aka soke ta, aka kawo sabuwa wadda aka sa wa hannu ranar 3 ga Afrilun 2024, aka cire waɗancan sharuɗɗan. Ranar 24 ga Mayun 2024 aka buɗe shafin nema, aka fara da makarantun gwamnatin tarayya, daga baya na jihohi suka shigo. Bashin kashi biyu ne. Akwai kuɗin makaranta, wanda ba ya biyowa ta hannunka, kai tsaye ake tura wa makarantar. Akwai kuma kuɗin ɗawainiya na Naira 20,000 a wata, wanda ke shiga asusunka na banki. Babu kuɗin ruwa a kai, abin da ya sa iyaye da dama a nan Arewa suka saki jiki da shi ke nan, kuma alƙaluman da hukumar ta riƙa fitarwa sun nuna Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero suna cikin na sahun gaba wajen yawan masu cin gajiya.

To amma kalmar "cin gajiya" ɗin nan ita ke ruɗar mutane. Mun saba da tallafi: a cike fom, in Allah ya sa ka dace kuɗi su shigo, shi ke nan an rabu. Da irin wannan tunanin ɗalibai da yawa suke tunkarar NELFUND, shi ya sa ake miƙa wa mai kafe NIN da BVN da lambar JAMB a 'yar takarda, a ce "in ka gama ka kira ni." Wannan fa ba tallafi ba ne, rance ne. Doka ta ce shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa za a fara neman kuɗin, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashinka ta hannun wanda ya ɗauke ka aiki, in kuma sana'ar kanka kake yi ka riƙa biyan kashi 10 na ribarka. Wanda bai samu aiki ba zai iya neman a ɗaga masa ƙafa da takardar rantsuwa, amma wanda ya yi ƙarya a wannan takardar hukuncinsa ɗaurin shekara 3 ne. Ana yafe bashin idan mutum ya rasu.

Sannan akwai wani ɗan akwati da ake dannawa a ƙarshen fom, wanda kusan babu mai karanta abin da ke gefensa. A nan ne kake amincewa da abin da ake kira GSI. Tsari ne da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da shi a watan Agustan 2020, wanda ke ba mai bin bashi damar cire kuɗinsa daga duk wani asusun banki da ke haɗe da BVN ɗinka idan ka ƙi biya. Ka duba fa, wannan amincewar da sunanka ake yin ta. Yanzu don Allah ta yaya za ka bar wani ya danna maka ita alhali kana can kana hira a bakin shago?

Mu yi lissafin lokaci, don a nan ne maganar imel take da nauyi. Ɗalibin da ya fara karɓa yana aji ɗaya a 2024, kwas ɗinsa na shekara huɗu ne, zai gama a 2028, ya yi bautar ƙasa zuwa 2029, a fara neman kuɗi a 2031. Wannan in komai ya tafi daidai ke nan, ba a samu irin yajin aikin ASUU na 2022 da ya cinye wata takwas ba. Shekara bakwai kafin ma a fara biya. A cikin shekara bakwai sau nawa za ka canza waya? Layi nawa za ka yar? Shagon da aka yi maka rajistar yana nan a wurin, ko ya koma shagon cajin waya, yaron da ya yi maka kuma ya tafi Legas? Ga kuma wata: tun Disamban 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar cewa zai iya goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Wato imel ɗin nan da aka ƙirƙira maka cikin gaggawa, mai suna da wasu lambobi barkatai da kai kanka ba ka haddace ba, zai iya mutuwa tun kana aji uku. Duk ranar da ka manta kalmar sirrin NELFUND, can za a tura maka saƙon sabuntawa, zuwa akwatin da babu shi.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Ba kowa ke da kwamfuta ba. Wani wayarsa ƙarama ce, da ya buɗe shafi biyu sai ta sandare. Wani a ƙauye yake hutu, sai ya hau tudu yake samun sabis. Shafin da Turanci yake, mutum yana tsoron kada ya danna abin da zai ɓata masa komai. Su kuma masu kafe, galibinsu mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, sun taimaki ɗalibai ba adadi. Duk na yarda. Matsalar ba sai mai kafe ya kasance macuci take faruwa ba. Mutum ne da layin mutum talatin a gabansa, abin da zai fi masa sauƙi shi ne ya sa lambar wayarsa, ya ƙirƙiri imel cikin minti ɗaya, ya ba kowa kalmar sirri iri ɗaya don kada ya rikice. Ba mugunta ba ce, sauri ne. Amma sakamakon ɗaya ne a kanka. Kuma kwamfutar shagon ba shi kaɗai ke taɓa ta ba. Burauza tana adana kalmomin sirri, fayil ɗin takardunka yana nan zube a kan allo, duk wanda ya zauna bayanka zai gani.

Don haka ban ce kada ka je kafe ba. Ka je, amma ka je da imel ɗinka da ka buɗe da hannunka tun daga gida. Ka ja kujera ka zauna kusa da shi. In an zo wurin kalmar sirri ka ce "Malam, ɗan ba ni kibod ɗin," ka rubuta da kanka. In burauza ta tambaya ko a adana, a ce a'a. Da an gama ka tabbatar an fita daga asusun NELFUND da na Gmail, an goge hotunan takardunka daga kwamfutar har cikin kwandon shara. Mai kafe na gari ba zai ji haushi ba. Wanda ya ɓata rai don ka ce za ka rubuta kalmar sirrinka da kanka, to ka tashi ka nemi wani shagon.

Gaskiyar magana ma, yawancin masu karanta wannan rubutun wayar da ke hannunsu ta isa ta yi aikin. Ka buɗe Chrome, ka rubuta nelf.gov.ng da yatsanka, kada ka bi ta linkin da aka turo a guruf. In shafin ya matse a allon, ka danna ɗigo ukun nan na sama ka zaɓi yanayin kwamfuta. Abin da za a nema ba boyayye ba ne: makarantarka da lambar matirik, lambar JAMB, NIN, BVN, lambar asusun banki, da takardar admishan. Wanda ya manta NIN ya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi, BVN kuma *565*0#, akwai ɗan kuɗin da ake cirewa. Bayan ka sa imel za a turo maka saƙon tabbatarwa. In ba ka gan shi ba ka leƙa akwatin sifam kafin ka fara cewa shafin ya lalace. Hoton takarda kuwa a ɗauke shi da rana, a shimfiɗe, kusurwa huɗun duk su fito.

Inda aka fi maƙalewa wuri biyu ne, kuma duk cikinsu babu wanda mai kafe ke da maganinsa, ko da ya ce maka yana da shi. Na farko, sai makarantarku ta ɗora bayananka a rumbun NELFUND kafin shafin ya gane ka. In ya ce bai same ka ba, ofishin kula da harkokin ɗalibai ko sashen kwamfuta na makarantarku za ka nufa, ba sake gwadawa sau hamsin ba. Na biyu shi ne saɓanin suna, ciwon da ya addabe mu mu Hausawa. A JAMB kai Muhammad ne, a NIN Mohammed, a banki Muhammadu. A wata takardar sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wata sunan garinku. Ranar haihuwa kuma wani wurin 1 ga Janairu aka sa don ba a tambayi kowa ba. Ke kuma 'yar uwa da aka yi wa aure ana tsakiyar karatu, in kin canza suna a banki zuwa na maigida alhali JAMB na ɗauke da na mahaifi, ki san da wannan tun kafin ki fara. Mutum zai iya gane cewa duk kai ne, na'ura ba ta ganewa. Gyaran NIN a wurin NIMC ake yi, na BVN a bankinka, na JAMB a ofishinsu. Yana cin lokaci, shi ya sa ake fara shi tun kafin a buɗe shafin nema, ba ana saura kwana uku a rufe ba.

Yanzu mu zo kan imel ɗin kansa, don wanda ya riƙe shi shi ya riƙe komai. Ka shiga myaccount.google.com, ka je sashen tsaro. Ka duba lambar waya da imel na farfaɗo da asusu: naka ne? In ka ga lambar da ba ka sani ba, cire ta yanzu. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. A nan ƙasa za ka ga inda ake karɓar lambobin ko-ta-kwana, guda 10 ne, kowace mai lamba 8, kowace sau ɗaya take aiki. Ka kwafe su da biro a takarda ka ajiye cikin fayil ɗin da kake ajiye sakamakon WAEC ko NECO. Kada ka yi musu sikirinshot ka bar su a wayar, don ranar da za ka buƙace su ita ce ranar da wayar ta ɓata. Kalmar sirrin NELFUND kuma ta bambanta da ta Gmail, ta bambanta da ta Facebook. Sunanka da shekarar haihuwa ba kalmar sirri ba ce, duk ɗan ajinku zai iya cankar ta.

Layin waya ma haka. Layin da ke haɗe da BVN da NIN ɗinka ba layin da ake saya don garaɓasar data a yar ba ne. In ya daɗe ba a amfani da shi kamfani zai karɓe ya sayar wa wani, saƙonnin bankinka su koma hannun baƙo. Ka riƙa sa masa kati ko na ɗari ne, ka yi kira. Ka kuma sa wa sim ɗin lambar kulle a saitin waya, don ɓarawon waya a yau sim ɗin yake fara zarewa ya sa a wata wayar. Sai dai a kula, in ka yi kuskuren lambar sau uku zai kulle sai da PUK, wadda ke jikin katin da sim ɗin ya zo a ciki.

Asusun banki, magana ɗaya ce: naka, da sunanka, haɗe da BVN ɗinka. Ba na yaya ba, ba na saurayi ba, ba na mai POS ɗin ƙofar makaranta ba. Ni shawarata a sa asusun banki na sosai wanda aka kammala masa takardu, don ƙananan asusu suna da iyakar abin da za su iya ɗauka, kuɗi su zo su koma ba ka sani ba. Kuma duk lokacin da ka shiga shafin ka ɗan kalli lambar asusun da ke ciki. In wani ya samu shiga, abin da zai fara taɓawa ke nan. Ya ci kuɗin, a rubuta bashin da sunanka.

Akwai wani dalilin da ya sa nake nacewa kan ka iya shiga asusunka da kanka, wanda ba shi da alaƙa da ɓarayi. Tunda kuɗin makaranta ba ya bi ta hannunka, shafin nan ne kaɗai idonka. A 2025 an yi ta ƙorafi a faɗin ƙasar nan cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin ɗalibai ba su sanar da su ba, wasu ɗaliban har sun ciwo bashi a gida sun biya da kansu, maganar ta kai ga hukumar ICPC ta shiga bincike. Ɗalibin da ke leƙa asusunsa zai ga matsayin buƙatarsa da adadin da aka amince masa, ya yi sikirinshot mai kwanan wata, ya ɗauka ya je ofishin kuɗi na makaranta ya yi magana da hujja a hannu. Wanda asusunsa ke wurin mai kafe kuwa sai dai ya ji a bakin 'yan aji. In ka riga ka biya kuɗin makaranta kafin na NELFUND ya iso, ka adana rasit ɗin Remita ko na banki, da shi za ka nemi makaranta ta mayar maka da naka. Ka buɗe fayil guda a Google Drive, duk zangon karatu ka zuba rasit da sikirinshot a ciki. A 2031 in aka ce ana bin ka kaza, kana da abin da za ka gwada da shi. Kuma ka tuna ba sau ɗaya ake nema a gama ba, kowace shekarar karatu sai an sake, wato kowace shekara sai ka koma neman yaron kafe in ba ka karɓi makullinka ba.

'Yan damfara kuwa sun daɗe da gano inda ɗalibai suke taruwa. Ba a biyan ko sisi don neman wannan bashin. Duk wanda ya ce ka turo dubu biyu ya "tura maka fayil gaba", ko yana da mutum a Abuja, ƙarya yake yi. Duk wanda ya kira ya ce daga NELFUND yake, ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka yanzu, kashe wayar kawai. Wajen duba adireshi, ka kalli abin da ya zo daf da sandar farko: in bai ƙare da gov.ng ba, ba shafin neman bashin ba ne, ko da an cusa kalmar nelf ko nelfund sau uku a farkonsa, ko da tambarin ya fi na asalin kyau.

Saura maganar da na san ba kowa zai so ta ba, ta Naira 20,000. Kuɗin makaranta, in gidanku ba hali, ka karɓa ba tare da jin kunya ba; bashi marar ruwa a lokacin da darajar Naira ke sauka ya fi barin karatu nesa ba kusa ba. Amma na ɗawainiya zaɓi ne, ana iya neman na makaranta kaɗai, kuma mai kafe ba zai tambaye ka ba, duka biyun zai danna don ya ɗauka kowa haka yake so. Yi lissafi: in aka biya ka wata 12, Naira 240,000 ke nan. Shekara huɗu 960,000, ban da kuɗin makaranta. Mai albashin 100,000 da ake cire wa 10,000 a wata zai shekara 8 yana biyan wannan kaɗai. Mai mafi ƙarancin albashi na 70,000 zai haura shekara 11. Ga ɗalibin da ke kwana da yunwa a hostel, ko ɗalibar da kuɗin mota ke hana ta zuwa lakca, wannan ciniki ne mai kyau, su karɓa. Ga wanda ke zaune a gidansu, ana ba shi na kashewa, kuɗin kuma a data da shawarma za su ƙare, ni ban ga dalili ba. Ko ma wanne ka zaɓa, kai ya kamata ka zaɓa.

Wanda kuma aikin gama ya riga ya gama, asusun na hannun wani, gyaran ba wuya in aka yi shi da wuri. Ka je wurinsa cikin mutunci ka karɓi adireshin imel ɗin da kalmar sirrinsa. A wayarka za ka shiga, a gabansa, don in Google ya tura lambar tabbatarwa zuwa layinsa ya karanto maka. Nan take ka canza kalmar sirrin Gmail, ka cire lambarsa ka sa taka, ka je jerin na'urorin da ke cikin asusun ka fitar da duk wadda ba taka ba. Ka buɗe Gmail a yanayin kwamfuta ka duba saitin tura saƙo, ka tabbatar ba a saita shi yana aika kwafin saƙonninka wani wuri ba. Sai bayan nan za ka je shafin NELFUND ka canza tasa kalmar sirrin, don in ka fara da ita alhali imel ɗin na hannunsa, aikin banza ka yi. In kuwa imel ɗin nasa ne na kansa, ko mutumin ya ɓace, kada ka yi ƙoƙarin buɗe sabon asusu, tunda NIN da lambar JAMB ɗinka suna maƙale da na farkon. Ka ɗauki katin makaranta da takardar NIN ka je wurin jami'in da ke kula da harkar NELFUND a makarantarku, ka kuma shigar da ƙorafi ta hanyar tuntuɓa da ke kan shafin hukumar, ka ajiye sikirinshot ɗin ƙorafin da ranar da ka tura shi.